Taguwar da aka ci namanta kafin a haifi kwafinta, da wasu abubuwan mamaki daga Dubai

A shekarar 2005 aka yanka wata taguwa don nama, kamar yadda ake yanka raƙuma kullum a mahautan ƙasashen Larabawa. Nama ya tafi kasuwa. Amma kafin a zubar da kayan ciki, masu bincike sun ɗebi wasu ƙwayoyin jiki daga ma'ajiyar ƙwanta, suka daskarar da su. Ranar 8 ga Afrilu, 2009, a Cibiyar Haihuwar Raƙuma da ke Dubai, wata taguwa dabam ta haifi 'ya mai nauyin kilo 30, bayan ta ɗauki cikin kwana 378. Da aka gwada, sai aka ga 'yar ba ta gaji komai daga wadda ta haife ta ba. Ƙwayoyin gadonta na waccan da aka yanka ne. Sunanta Injaz, ita ce raƙumar farko a duniya da aka samar ta hanyar kwafi, kuma Dakta Nisar Ahmad Wani, mutumin Kashmir, shi ya jagoranci aikin. A 2015 ita ma ta haihu, ta hanyar barbara irin wadda kowa ya sani.

Ba tayar da matacce aka yi ba, kada wani ya ɗauka haka. Manomin rogo ya fi kowa saurin gane abin: ka yanki kara ka dasa, abin da zai fito irin uwar ne sak, amma shuka ce dabam mai nata rai. A dabba, ana samo ƙwan wata taguwa a cire abin da ke tsakiyarsa mai ɗauke da bayanan gado, a cusa ƙwayar jikin wadda ake so a kwafa, a taɓa shi da 'yar wutar lantarki har ya fara rarrabuwa, sannan a dasa shi a mahaifar wadda za ta yi renon ciki. Yawanci ba ya kamawa. Tunkiyar nan Dolly, wadda aka haifa a Sikotland ranar 5 ga Yuli, 1996, ita kaɗai ce ta rayu cikin gwaji 277.

Namijin farko

Bin Soughan ya biyo baya a watan Fabrairun 2010. Shi daga fatar wani amale mai rai aka ɗebo ƙwayoyin, wato ba sai an jira dabba ta mutu ba. A 2017 kuma su Dakta Wani suka ba da rahoton samar da kwafin raƙumi mai tozo biyu, irin na Asiya ta Tsakiya, alhali taguwa mai tozo ɗaya ce ta ba da ƙwai, irinta kuma ta goyi cikin.

Nawa ake biya? Rahotannin da suka fito a 2021 sun sa kuɗin kwafin taguwa ɗaya tsakanin dirhami 200,000 da 400,000. Masu sayen ba nama suke nema ba. Taguwar da ta ci gasar kyau suke so, ko wadda ta yi fice a tsere, ko mai yawan nono. Taguwa tana ɗaukar ciki kusan wata 13, kuma da wuya ta haihu fiye da sau ɗaya cikin shekara biyu, don haka mai ita yakan ga kamar shekarunta na tafiya a banza.

A Abu Dhabi ma an yi. Wani shahararren raƙumin gasar kyau mai suna Mabrokan ya mutu a 2010, aka ajiye ƙwayoyin jikinsa, a 2021 aka haifi kwafinsa 11. Wanda ya yi aikin shi ne Hwang Woo-suk, masanin Koriya ta Kudu da aka kama da ƙirƙirar sakamakon ƙarya kan binciken ƙwayoyin ɗan Adam wajen 2005. Wannan ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani a kan su waye ke riƙe da wannan ilimi, da kuma wa ke duba aikinsu.

Uba raƙumi, uwa daga Kudancin Amurka

Tun kafin Injaz, ranar 14 ga Janairu, 1998, cibiyar ta Dubai ta fito da wata dabba da ba a taɓa gani ba. Dakta Lulu Skidmore da abokan aikinta sun ɗauki maniyyin raƙumi suka sa wa wata dabba ta dangin lama, 'yar tsaunukan Kudancin Amurka, wadda raƙumi ya ninka nauyinta sau da yawa. Aka haifi Rama, namiji, ba tozo, ga kunnuwa gajeru da doguwar wutsiya irin ta uba. Burin shi ne a samu ƙarfin raƙumi da gashin lama a jiki ɗaya. Ƙalilan aka samu, abin bai zama kiwo ba.

A filin tseren Al Marmoom na Dubai kuwa, ƙananan mutum-mutumi ne ke bisa raƙuma da bulala, masu raƙuman na biye a mota suna sarrafa su daga nesa. Sun maye gurbin yara ƙanana da ake kawowa daga ƙasashe matalauta, bayan dokar da ta hana haka a 2002, aka ƙara tsaurara ta a 2005. A Saudiyya kuwa, an kori raƙuma 12 daga gasar kyau ta Sarki Abdul'aziz a 2018 saboda an yi musu allurar Botox a leɓe da hanci, a ƙarshen 2021 adadin ya haura 40. Sai Adolfo Cambiaso, ɗan Ajantina da ya daɗe yana buga wa ƙungiyar folo ta Dubai wasa: a wasan ƙarshe na babbar gasar ƙasarsu a 2016 ya hau dawakai 6, dukkansu kwafin goɗiya ɗaya mai suna Cuartetera.

Inda wasa ya ƙare

Duk waɗannan na fili ne da gasa. Da an zo batun abin da zai shiga cikin mutane, sai hukuma ta ɗaure fuska. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Dubai ke cikinta, na shigo da fiye da kashi 80 cikin 100 na abincinta daga waje, mafi yawa ta tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da filayen jirgin sama. Ƙasar da ba ta noma abin da take ci dole ta iya bincike, in ba haka ba abin da wasu suka ƙi shi za a juye mata. Dokar tarayya mai lamba 10 ta 2015 ita ce ta lafiyar abinci. Mai lamba 9 ta 2020 kuma ta halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado ce: shigo da su, fitar da su, ratsawa da su ta ƙasar, sarrafa su ko sayar da su, duk sai da izini, kuma sai an rubuta a jikin kaya. Ma'aunin da aka sa shi ne kashi 0.9 cikin 100, daidai da na Tarayyar Turai. Hukuncin ya haɗa da ɗauri da tara mai nauyi.

A lura, kwafi dabam, sauya ƙwayoyin gado dabam. Injaz ba a ƙara mata komai ba, ba a rage ba. Wadda aka sauya kuwa, an shiga cikin rubutun gadonta ne an goge wani abu, ko an ƙara wani daga wata halitta. Mutane da yawa na haɗa su a rigima ɗaya, kuma hakan na ɓata hujjar masu goyon baya da ta masu adawa gaba ɗaya.

Malamai ba su yi jinkiri ba. Watanni kaɗan bayan an sanar da duniya labarin Dolly, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, zamanta na 10. Ta haramta kwafin ɗan Adam ta kowace hanya. Ta halatta kwafi da sauya ƙwayoyin gado a ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi, bisa sharaɗin a tsaya cikin iyakokin shari'a, a samu amfani, a kauce wa cuta.

Kifin da ya yi shekara 20 a layi

An ƙirƙiri kifin salmon na AquAdvantage a Kanada a 1989. An ɗauko ƙwayar gadon girma daga wani salmon na tekun Fasifik, aka haɗa da wani makunni daga wani kifin ruwan sanyi, don ya riƙa girma rani da damina ba hutu. Yana isa kasuwa cikin kusan wata 18 maimakon kusan shekara 3. Kamfanin da ya mallake shi ya fara neman izini a Amurka a 1995, hukumar abinci da magunguna ta FDA ba ta amince ba sai Nuwamban 2015. Shi ne dabbar farko da aka sauya wa ƙwayoyin gado aka kuma yarda a ci a ƙasar. Manyan kantuna da dama suka ce ba za su sayar ba, kuɗi ya ƙare, a ƙarshen 2024 kamfanin ya rufe gonakin kifinsa.

Dubai ta samu salmon ɗinta ta wata hanya. A Jebel Ali wani kamfani ya gina tankuna masu sanyaya ruwa, ya reni kifin ƙasashen ƙanƙara a tsakiyar hamada ba tare da taɓa gadonsa ba, ya fara sayarwa a 2019.

Wani abin mamaki a dokar Amurka: FDA na ɗaukar sauyin da aka yi a jikin dabba a matsayin sabon maganin dabbobi, da dokar magani ake auna shi. Masu kiwo da wasu masana sun daɗe suna kukan cewa hakan ya yi tsauri.

Bijimin da ba shi da ƙaho

Wannan labari shi ya fi tsaya mini a rai, domin ya amsa kukan da ke sama. A gonakin madara na Turai da Amurka ana ƙona tushen ƙahon maruƙa da ƙarfe mai zafi, don kada su soki juna ko masu tatsa. Azaba ce. Kamfanin Recombinetics na jihar Minnesota ya ce zai kawo ƙarshenta: ya kwaikwayi ƙwayar gadon shanun da Allah ya halitta ba ƙaho, ya sa ta a irin shanun madara. A 2015 aka haifi maruƙa biyu, Buri da Spotigy, ba ƙaho. Kamfanin ya ce ya duba, babu wani baƙon abu a jikinsu, don haka bai ga dalilin da zai sa a bi da su ta doguwar hanyar hukuma ba. Brazil ta yarda, har an fara shirin kafa garke da maniyyin Buri.

A 2019 wata ma'aikaciyar FDA, Alexis Norris, tana gwada wata manhajar bincike da bayanan gadon bijimin, sai ta ci karo da abin da ba a zata ba. Wani guntun gadon bakteriya da aka yi amfani da shi wajen aikin ya maƙale a jikin Buri, ciki har da ƙwayoyin da ke ba bakteriya ƙarfin jure wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Cikin 'ya'yansa 6 da aka haifa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, 4 sun gaji guntun. Brazil ta janye.

Adalci ne a faɗi cewa ba a nuna abin ya cutar da kowa ba, kuma 'ya'yan lafiyarsu ƙalau. Amma masu aikin ƙwararru ne, niyyarsu kuma ta tausayin dabba ce, duk da haka ba su ga abin da ke gabansu ba, saboda ba shi suke nema ba. Wani ne daga waje, wanda ba shi da ko sisi a cinikin, ya gani. Ni dai daga nan na daina sauraron duk wanda zai ce a bar mai kaya ya zama shi ne mai awo.

Saniya da zafin rana

Holstein, baƙa da farar saniyar nan mai cika bokiti, ba ta son zafi. Gonar Al Rawabi ta Dubai, wadda ta fara da shanu 500 a 1989, da fankoki da feshin ruwa take rayar da su a ƙasar da zafi ke haura digiri 45. A 2020, lokacin da annobar korona ta tsorata kowa kan abinci, an shigo da Holstein 4,500 daga Uruguay. Akwai kuwa wani irin shanu na tsibiran Karibiyan, Senepol, masu gajeren gashi mai santsi da ke taimaka musu jure zafi. Kamfanin Acceligen ya kwaikwayi wannan siffa a wasu shanun nama, a Maris 2022 FDA ta ce haɗarin cin namansu kaɗan ne. Bunaji da Rahaji da Gudali sun daɗe da sanin ranar Sakkwato ba tare da an taɓa su ba, abin da suka rasa shi ne yawan nono. Duk wanda zai kawo mana sabon iri, ya fara da nuna cewa ba zai shafe wannan juriya ba.

A Kenya, cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta samar da Tumaini a 2012, kwafin bijimin Boran. Matakin farko ne na wani shiri na samar da shanun da sammore ba zai kama ba, ta amfani da ƙwayar gadon da aka kwaikwayo daga gwaggon biri, wanda cutar ba ta yi masa illa. Makiyayin da ƙudan tsando ya taɓa kora daga kurmi ya san darajar wannan buri. Shi ma yana da haƙƙin a gaya masa daga ina aka ɗauko abin da aka sa wa saniyarsa.

Magani daga hantsa

A 2006 Turai, a 2009 kuma Amurka, suka amince da ATryn, maganin hana daskarewar jini da ake tacewa daga nonon awakin da aka sa wa ƙwayar gadon ɗan Adam. A 2015 aka ƙara da Kanuma, wanda ake samu daga farin ƙwan wasu kaji. Ba a yarda a ci awakin ko kajin ba. An kuma yi awakin da nononsu ke ɗauke da sinadarin zaren gizo-gizo, da farko a Kanada, daga baya a wata jami'a a jihar Utah. Dakta Wani ya taɓa bayyana cewa irin wannan yake hange ga taguwa, ta riƙa ba da magani a nono.

Jinin raƙumi ma abin kallo ne. A 1989 masana a Brussels suka gano yana ɗauke da wasu sojojin garkuwa ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a samu irinsu a shanu ko mutane ba. Babban ɗakin binciken dabbobi na Dubai, ƙarƙashin Dakta Ulrich Wernery, ya haɗa kai da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool wajen gwada haɗa maganin dafin macizan Afirka daga jinin raƙuma, ciki har da kububuwa. Wanda ya taɓa ganin cunkoson asibitin saran maciji na Kaltungo a lokacin girbi zai yi fatan a kai wannan bincike ƙarshe.

Kaɗan daga wasu wurare

A Japan tun 2021 ake sayar da kifaye iri biyu da aka gyara wa gado, ɗaya mai kaurin tsoka, ɗaya mai saurin girma, kuma sanar da hukuma kawai aka yi, tunda ba a ƙara musu gadon wata halitta ba. A Birtaniya, a 2010, hukumar abinci ta tabbatar cewa naman ɗan wata saniyar kwafi ya shiga kasuwa an cinye kafin a ankara. A Amurka akwai wata kaska da in ta ciji mutum, jikinsa kan daina karɓar jan nama; saboda masu wannan larura aka amince da aladen GalSafe a 2020. Irin wannan alade, da ƙarin gyare-gyare, shi aka ciro wa zuciya aka dasa wa wani majinyaci a Jami'ar Maryland a Janairun 2022, kuma ɗaya daga jagororin aikin, Dakta Muhammad Mohiuddin, Musulmi ne haifaffen Pakistan. Majinyacin ya rayu wata biyu. Babban ɗakin gwaji na hukumar birnin Dubai kuwa na bin kayan abinci yana neman ko ɗigon gadon alade, don tabbatar da halal.

Haɗarin da ya riga ya iso

Nonon raƙumi na Camelicious ya shiga kantunan Dubai a 2006, amma sai 2013 Tarayyar Turai ta buɗe masa ƙofa, bayan shekaru ana duba lafiyar garke da tsaftar tatsa da dafa nono. Cutar numfashi ta MERS, wadda aka gano a 2012, daga raƙuma take tsallakowa zuwa mutane, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗi kan shan ɗanyen nononsu. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Hong Kong da takwarorinsu na Najeriya suka sami ƙwayar cutar a hancin raƙuman da ake yankawa a mahautar Kano, ko da yake nau'in na Afirka ya bambanta da na Saudiyya. Ga kuma cutar bakkale a ɗanyen nono, ga cutar anthrax da ta ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023, ga dabbar da ake yi wa allura yau a kai ta mahauta gobe. Waɗannan ba sa jiran wani ɗakin bincike na Minnesota.

A gida

Najeriya na da hukumar NBMA mai kula da irin waɗannan halittu tun 2015, kuma gyaran dokar na 2019 ya shigar da sababbin dabarun gyaran gado. Ya zuwa yanzu a tsirrai ake fafatawa: waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, wanda cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta fitar a ƙarshen 2019 ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, sai masarar TELA a 2024, shekarar da Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike. Kazar Shika Brown ta cibiyar NAPRI, wadda wasu ke zargi, ta hanyar zaɓen iri da haɗa su aka same ta, ba a taɓa gadonta ba.

A Daular Larabawa ana sa wa raƙuma 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai shi. A Maigatari da Mai'aduwa da Illela, dabbobi na tsallako iyaka da shaidar wuta ko tsagar kunne, sai kuma maganar dillali. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 ta gaji wannan aiki. Kuma saniyar da aka gyara wa gado ba da ƙafarta za ta fara shigowa ba. Maniyyi ko ɗan tayin irinta ne zai sauka a filin jirgi cikin tulun sanyi, kamar yadda manyan gonaki ke shigo da na Holstein a yau, kuma ido ba ya bambanta su. Jami'in killace dabbobi da ke filin jirgin Malam Aminu Kano yana buƙatar takardar asalin kowane tulu, da ɗakin gwajin da zai iya tabbatar da abin da takardar ta ce.